Ƙwallon Jirage Marasa Matuƙa: Darasin Saiti Daga Wani Tsohon Siton Auduga A Funtuwa

"Malam, wannan abin da kuke yi a cikin sitona, zai cika rumbu kuwa?"

Wannan ita ce tambayar da wani dattijo, manomin masara kuma tsohon dillalin auduga a nan Funtuwa, ya jefe ni da ita a wani yammaci, bayan ya ɗauki lokaci yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon yara goma sha biyu suna ta fama da wani ɗan kwando mai ƙugi da ke shawagi a sama. Shi ne ya ba mu aron siton, kuma jikansa yana cikin yaran, saboda haka yana da haƙƙin tambaya. A ranar ban ba shi amsar kirki ba, dariya kawai na yi, na ce, "Baba Alhaji, a dai yi mana addu'a." To amma tambayar ta ƙi barin zuciyata, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Ni malamin kimiyya ne, na shafe shekaru ina koyarwa a makarantun sakandare tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Wani tsohon ɗalibina da ke aikin injiniya a Kudu shi ne ya zo hutu da 'yan ƙananan jirage marasa matuƙa guda huɗu, kowanne a cikin kejinsa mai siffar ƙwallo, ya ce in gwada su da yara. Ban taɓa riƙe irin wannan na'ura ba kafin nan, saboda haka tare da yaran muka fara rarrafe. Abin da zan faɗa a nan ba maganar gwani ba ce, maganar wanda ya karya farfela da dama ce kafin ya gane inda matsalar take.

Ga mai karatun da bai san wasan ba, bari in ɗan yi bayani. An ƙirƙiro shi ne a shekarar 2016 a birnin Jonju na ƙasar Koriya ta Kudu. Hukumar wasannin sararin sama ta duniya, wato FAI, ta shigar da shi cikin kundin dokokinta a 2019, sannan a watan Satumba na 2025 birnin na Jonju ya karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta farko da ƙungiyar FIDA ta shirya. A nan gida Nijeriya kuwa, a farkon shekarar 2022 ne ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, tare da ma'aikatar ilimi ta jihar, suka shirya wa ɗaliban makarantun gwamnati gasar da aka bayyana a matsayin irinta ta farko a Afirka.

Yadda ake yin sa shi ne, ana kewaye fili da raga ta ko'ina har sama, a rataye zobe ɗaya a kowane ƙarshe. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa da ba su wuce biyar ba, suna tsaye a wajen ragar, kowa da na'urar sarrafa jirginsa a hannu. Babu wata ƙwallo da ake bugawa, jirgin da ke cikin kejin shi ne ƙwallon. Akwai manya masu faɗin santimita 40, akwai kuma ƙanana masu santimita 20, irin waɗanda muke da su. A cikin 'yan wasan mutum ɗaya tak aka yarda ya ci, kuma ci ba ya tabbata sai jirginsa ya ratsa zoben abokan hamayya gaba ɗayansa ta fuskar gaba. Sauran aikinsu tsaron gida ne da kuma buɗe wa mai cin hanya. Da zarar an ci, tilas a koma rabin fili na gida kafin a sake kai hari. Ana yin turmi uku, kamar dai a dambe, kowane turmi minti uku.

Namu filin bai kai na gasa ba. Tsawon siton bai wuce mita takwas ba, mun kewaye shi da tsohuwar ragar kamun kifi, zoben kuma da tiyo muka lanƙwasa shi, faɗin bakinsa santimita 40, muka rataye shi da igiya a jikin azarar rufi. Ke nan idan ƙwallo ta bi tsakiya daidai, santimita goma ne kawai ya rage mata ta kowane gefe. Wanda bai gwada ba zai ga kamar wannan sarari ne mai yawa.

A makon farko na tafka kuskuren da nake jin kowane sabon mai koyarwa zai tafka. Na nuna wa yara zobe, na ce su ci. Cikin minti kaɗan sai ga jirage suna dukan bango, suna maƙalewa a raga, suna faɗowa ƙasa kamar an harbo kurciya. Wanda ya fi kowa ɓarna shi ne wani yaro ɗan cikin gari da ya ƙware a wasannin wayar salula, yatsunsa kamar walƙiya. Yakan danna sanda har ƙarshe, jirgi ya fita a guje, idan ya yi sa'a sau ɗaya cikin goma ya ratsa zoben, sai siton ya kaure da ihu. Sauran tara ɗin kuwa ba mai ƙirga su. A nan na fahimci cewa muddin zoben yana rataye a gaban yaro, to hankalinsa ba zai taɓa dawowa kan hannunsa ba. Washegari sai na kwance zoben na ɓoye shi har tsawon mako biyu.

Abin da muka koma yi shi ne koyon tsayuwa. Na'urar sarrafawa tana da 'yan sanduna biyu. A tsarin da aka fi amfani da shi, ta hagu ita ce ta hawa da sauka da kuma juya fuskar jirgi, ta dama kuma ita ce ta gaba da baya da matsawa gefe. Na zana murabba'i da alli a ƙasa, na ja layi a bango daidai tsayin da zoben yake, na ce kowa ya tsayar da jirginsa a saman murabba'in, daidai layin, har a ƙirga talatin. Aiki ne mai gundura, yara biyu ma sun daina zuwa saboda shi. Amma Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Wanda bai iya tsayar da jirgi wuri ɗaya ba, duk abin da ya ci sa'a ce, ita kuwa sa'a ba a koyar da ita.

A wannan mataki ne wata yarinya da ba ta cika magana ba ta fara fita daban. Daga wani ƙauye ta hanyar Bakori take, tana zaune wajen gwaggonta saboda karatu. Ita ba ta danna sanda, taɓa ta kawai take yi, sannan ta saurara ta ga abin da jirgin zai yi kafin ta sake taɓawa. Na tambaye ta inda ta samo wannan nutsuwa, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, ai kamar tallen nono ne a ka. Idan ka ce za ka gyara da ƙarfi, zuba zai yi." Ban taɓa jin bayanin da ya fi wannan dacewa ba, kuma daga ranar da shi nake koyar da sauran. Mafi yawan lilon da jirgin sabon shiga yake yi, gyaran da ya wuce kima ne yake haddasa shi: ya ga ya yi hagu, ya fizgo shi dama da ƙarfi, ya zarce, ya sake fizgowa.

Darasi na biyu shi ne kiyaye alƙibla. Jirgin a cikin keji yake, gabansa da bayansa duk ɗaya ne a ido in ba don 'yar fitilar da ke nuna baya ba. Matuƙar bayansa yana fuskantar mai tuƙi, to dama dama ce, hagu hagu ce. Amma da zarar an yi karo ya juya ya fuskanci mai shi, komai ya birkice, ka ce dama ya yi hagu, ka ce gaba ya taho kanka. A nan ne yaro kan firgita ya danna duk abin da ya samu. Dokar da muka kafa ita ce, bayan kowane karo kada ka nemi zobe, nemi fitilarka tukuna. Nakan sa ɗaya ya bangaji jirgin ɗan'uwansa da gangan, shi kuma ya daidaita fuskarsa kafin ya motsa ko'ina.

Da muka mayar da zoben, sai na zo da littafi. Kowane yaro yana da shafinsa, an zana da'ira a tsakiya. Zai gwada sau goma daga nisan mita biyu, abokinsa kuma yana tsaye a gefe yana sa ɗigo a inda ƙwallon ta bugi zobe ko ta kauce: sama, ƙasa, hagu ko dama. Ba a ƙara wa kowa nisa sai ya ci takwas cikin goma sau biyu a jere. Wannan littafi ya koya mini abin da idona bai gani ba. Da na jera shafukan, sai na ga ɗigon kusan kowa ya taru a leɓen zobe na ƙasa, kuma duk wanda ya fi gudu, nasa ya fi yin ƙasa.

Dalilin wannan yana cikin darasin da nake koyarwa a aji shekara da shekaru ba tare da na taɓa ganin sa da idona haka ba. Jirgi mai farfela huɗu ba shi da wani injin da ke tura shi gaba. Idan zai tafi gaba, sunkuyar da kai yake yi, sai ƙarfin farfelar da a da yake riƙe shi a sama kaɗai ya rabu biyu, wani ya riƙe, wani ya tura. Alal misali, idan ya karkata da digiri 30, ƙarfin da ke riƙe shi zai ragu da kusan kashi 13 cikin 100, saboda haka sai ya riƙa nutsewa yana tafiya. Wasu jiragen suna da na'urar da ke ƙoƙarin riƙe tsayi da kanta, amma ba kullum take saurin cike giɓin ba. Maganin abin shi ne hannun hagu ya ɗan ƙara wuta a daidai lokacin da na dama yake turawa gaba. Bugu da ƙari, batir yana raguwa, ƙarfin da ya ishe ka a minti na farko ba zai ishe ka a minti na uku ba. Da na zana musu wannan a bango da alli, yaron nan mai saurin yatsu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ashe lissafin nan yana da amfani, Malam." Na yi shekaru ina jiran wani ɗalibi ya faɗa mini haka.

Matsala ta gaba ta ido ce, kuma ita ce mafi wuya. Mai tuƙi yana tsaye a wannan ƙarshe, zoben yana can ɗaya ƙarshen. Idon ɗan Adam yana saurin gane hagu da dama, sama da ƙasa, amma idan abu ya yi nisa, ba ya iya tantance ko ƙwallon ta iso bakin zoben ko da saura. Kuma da yake zoben ya fi mai tuƙi tsayi, abin da ya gani daidai daga inda yake tsaye ba lalle ne ya zama daidai ba. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce wadda duk yaron da ya taɓa harbin tsuntsu da danƙo a gonar dawa ya sani: ka haɗa idonka da abin harbi da abin da za ka harba a layi ɗaya. Mai ci ya tsaya daura da zoben gwargwadon iko, ya ɗaga ƙwallonsa har sai ya gan ta a tsakiyar da'irar, sannan ya tura ta a hankali yana kiyaye kada ta fita daga cikin da'irar a idonsa. Idan ta zauna a ciki tun daga farko har ƙarshe, to kan layin take, kuma layin ta tsakiyar zoben ya bi. Inuwar jirgin a ƙasa ita ma tana taimakawa wajen sanin inda ya kai, shi ya sa muka ja layuka da alli a kowace mita.

Sai kuma batun ƙarasawa. Sau da yawa yaro zai kawo ƙwallo har bakin zobe, ya ga kamar ta shiga, ya saki sanda ya fara murna, ita kuwa ta tsaya rabi a ciki rabi a waje, ko ta koma da baya. Na ce musu su riƙa saitin wani wuri da ke bayan zoben da mita ɗaya, su ɗauka can za su. Haka kuma jirgi ba shi da birki, tsayawarsa ita ce a ja sanda baya kaɗan, kuma wanda ya iya wannan shi ne zai juyo ya koma gida da wuri ya sake kawo hari. A turmin minti uku, mai ci shida a natse ya fi mai kai hari goma sha biyar ya ci biyu.

Sai da aka yi duk wannan sannan na sa mai tsaron gida a gaban zobe. A nan wasan ya zama na jama'a. Mai ci ya koyi haƙuri, ya tsaya a tsayin zobe yana jira, abokinsa ya je ya ture mai tsaro, shi kuma ya bi ta ƙofar da ta buɗe kafin ta rufe. Ranar da muka yi wasan farko na sosai, biyu da biyu, yaran da kansu suka zaɓi yarinyar nan ta zama mai ci, yaron mai saurin yatsu kuma ya zama mai share mata hanya, aikin da ya dace da zafinsa.

Yanzu bari in koma ga tambayar Baba Alhaji. Wannan yanki namu ba baƙon sabuwar fasaha ba ne. Tun zamanin Turawa kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurzar auduga a nan, har yau akwai unguwar da ake kira da sunansa a Funtuwa. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa garin tun ƙarshen shekarun 1920. A tsakiyar shekarun 1970, Funtuwa na cikin wurare uku na farko, tare da Gusau da Gombe, da aka fara shirin bunƙasa noma da tallafin Bankin Duniya. Mun ga zuwan taki da ingantaccen iri da garmar shanu da tarakta. Mun kuma ga yadda taraktoci da yawa a faɗin Arewa suka ƙare a kan duwatsu, ciyawa ta fito ta cikinsu, saboda an sayo ƙarfe ba a tanadi hannun da zai sarrafa shi ya kuma gyara shi ba.

To ga wani sabon ƙarfen nan tafe. Manoman shinkafa a Japan sun shafe shekaru da dama suna feshi da ƙananan jirage marasa matuƙa, kamfanin DJI na ƙasar Sin kuma ya fito da jirginsa na feshi tun 2015. Kamfanin Zipline, wanda ya fara kai jini asibitoci a Ruwanda a 2016, ya fara aiki a Jihar Kaduna maƙwabciyarmu a 2022. Rundunar sojan samanmu ta ƙaddamar da nata jirgin mai suna Tsaigumi a Kaduna a 2018. A ɗaya ɓangaren kuma, tun daga 2016 da tsutsar nan mai cin masara ta ɓulla a ƙasar nan, manomi daga Ɗandume zuwa Ƙafur ya san abin da ake nufi da feshi a kan kari. Har yanzu matasanmu ne ke goya injin feshi suna ratsa gona, galibi ba takunkumi ba safar hannu, suna shaƙar guba. Ko ba jima ko ba daɗe jirgin feshi zai iso gonakinmu. Tambayar ita ce, wa zai riƙe na'urar: 'ya'yanmu, ko kuwa wani za a ɗauko daga nesa a biya shi kuɗin masararmu?

Ba ina cewa wanda ya iya wannan wasa ya zama matuƙin jirgin feshi ba ne. Wancan babban inji ne, yana da nasa horo, yawancin tafiyarsa ma kwamfuta ce ke tsara ta. Amma tushen ɗaya ne: riƙe tsayi daidai a saman shuka, tafiya a miƙe ba lilo, sanin alƙibla, lura da batir, da nutsuwa idan abu ya rikice. Feshin da aka yi sama da yawa iska ce za ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci, wanda aka yi da gudun da ya wuce kima kuma asarar magani ce. Yaron da ya saba rubuta kuskurensa a littafi yana neman dalilinsa, ya riga ya sami rabin abin da ake nema ga injiniya.

Na san akwai masu cewa, a jihar da wasu yara ke zaune a ƙasa a aji, maganar jirage almubazzaranci ce. Suna da gaskiyarsu, kuma ba zan ce a fasa sayen benci a sayi jirgi ba. Kayan ba su da araha, farfela tana karyewa, ƙurar hunturu tana shiga injin, batirin kuma ba ya son zafi, idan ya kumbura yana iya kama wuta, saboda haka cajinsa sai da babba a kusa. Da hasken rana muke cajin namu, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Akwai kuma batun tsaro, wanda ba wanda zai yi wasa da shi a yankin da ya sha fama da 'yan bindiga. Tashin jirgi maras matuƙi a sarari yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da kuma ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma daidai ne. Alherin wannan wasa shi ne a cikin ɗaki ake yin sa, a cikin raga, jiragenmu ko kyamara ba su da ita. Duk da haka sai da na sanar da mai unguwa da jami'an tsaro kafin mu fara, kuma ina shawartar duk mai niyya ya yi haka.

Kirana ga masu hannu da shuni na wannan yanki, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ma'aikatar ilimi ta jiha, shi ne kada a fara da gasa da kofi da ɗaukar hoto. A fara da horar da malaman kimiyya biyu ko uku a kowace shiyya, a ba su 'yan jirage kaɗan da kayan gyara masu yawa, a sama musu ɗaki ɗaya. Tsofaffin sito-sito na auduga suna nan birjik a Funtuwa da Malumfashi a kulle. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa tun 1964, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, duk ba su da nisa da mu, kuma ya kamata a nemi shawararsu. Sannan a bai wa 'yan mata dama daidai da maza, domin abin da na gani da idona ya ishe ni hujja.

Kwanakin baya Baba Alhaji ya sake leƙowa, ya tarar da jikansa ya ci bakwai cikin goma daga nisan mita biyar, yana ta fushi da kansa saboda ukun da ya zubar duk ta hagu suka kauce. Tsohon ya karɓi littafin ya juya shafukansa, ya dube ni ya ce, "Malam, yaron nan ko kunya ɗaya ba ya iya ja a miƙe a gona. Idan wannan abin zai koya masa, ku ci gaba da zama a siton." Rumbu dai bai cika ba tukuna, amma an bar mana makulli.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa, amin.